Wai kiɗan soul da funk ya taɓa zama a Arewa kuwa?

Ɗan Samaru:
Salam jama'a. Don Allah masu sanin tsofaffin kiɗe-kiɗe ku taimaka min. Kwanan nan ina ta sauraren ƙungiyoyin makaɗa irin su BLO da Funkees da Ofege a YouTube, wallahi jitar nan har cikin ƙashi nake jin ta, amma duk wanda na bincika sai in ga ɗan Legas ne ko ɗan gabas. Ya abin ya faro ne, kuma mu nan ba mu da hannu a ciki ko kaɗan?

Baba na Tudun Wada:
Ɗana ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Kafin yaƙin basasa highlife ne ke mulki, to da aka fara yaƙi a 1967 makaɗa da yawa 'yan gabas suka koma gida, fili ya zama babu kowa, sai ga Geraldo Pino daga Saliyo da manyan sifikoki da kayan kiɗa na zamani yana yin irin na James Brown, mawaƙin soul da funk na Amurka, shi kansa Fela sai da abin ya girgiza shi kafin ya tafi Amurka a 1969 ya dawo da nasa salon. Ana gama yaƙi a 1970 James Brown ɗin da kansa ya zo Legas, shikenan fa samari suka rikice. Mu a lokacin an tara suma, wando ƙasansa kamar buje, takalmi mai tudu. Faifai sai ka goge shi da gefen riga ka hura allura kafin ka ɗora, wanda ya karce maka shi kuwa an yi faɗa kenan.

Hajiya Mairo Kongo:
Baba ka manta na gida. Bongos Ikwue ɗan Otukpo ne amma a ABU ya yi karatun injiniya, nan Zariya ya haɗa UniBello Brothers da 'yan uwansa ɗalibai, sannan Groovies a 1967. Ni a wajena muryarsa ta fi ta duk waɗancan na Legas daɗi, ba hayaniya, a nutse yake waƙa. A lokacin akwai Sahara All Stars ma a Jos.

Ɗan Samaru:
Kai Hajiya na gode, kullum ina wucewa ta bakin get ɗin ABU ban san haka ba. To Bala Miller fa?

Baba na Tudun Wada:
Bala Miller asalin gidansu Zariya ne, a Kaduna ya yi tashe, kuma ya yi waƙoƙi da Hausa. Sai dai nasa ya fi karkata ga highlife mai ƙahonni da yawa, kar ka haɗa shi da su BLO. Amma ka neme shi ka saurara, ka sa kunne sosai wajen masu busa.