Ina Biochemistry amma raina na Famasi, ya zan yi?

Ɗan Jekadafari:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku ban shawara. Ni ɗan Gombe ne, ina ƙarshen aji biyu a Biochemistry, amma wlh ba shi na nema ba, Famasi na cike a JAMB na ci 228 sai aka turo ni nan, Baba ya ce in karɓa kawai da zaman gida. Har yau in na ga yan Famasi sun fito daga lab da fararen rigunansu sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. CGPA ɗina 3.9. To in sake JAMB ne, ko in nemi canjin kwas, ko in daure in gama in shiga ta DE, wato Direct Entry, inda mai kwali ke farawa daga aji biyu?

Yar Wunti:
Wa alaikassalam ƙanena. Ni ina aji huɗu a Famasi. Maganar canjin kwas ka gwada amma kar ka ɗora ranka a kai, domin PCN, hukumar da ke kula da harkar Famasi, ita ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, su kansu waɗanda suka shigo aji ɗaya da sunan Famasi ba duka ke tsallakawa aji biyu ba balle kai da za ka zo daga waje. Kafin komai ma ɗauko WAEC ko NECO ɗinka ka duba, kiredit biyar ne, Turanci, Lissafi, Physics, Chemistry, Biology. Ko ɗaya ka rasa babu wanda zai saurare ka, ka gyara shi tun yanzu. In JAMB za ka sake kuma 228 ba za ta kai ka ba gaskiya, sai ka ƙara wuta sosai. Kuma kar ka kafe a waje ɗaya, bayan GSU, jami'ar jihar Gombe, akwai Unimaid, Jos, BUK, ga ABU Zariya, duk suna yi.

Famasis Bauchi:
Bari in maka lissafi, ni ta DE na shiga bayan na gama digirin farko. Da B.Pharm ake yi shekara 5, yanzu makarantu na komawa Pharm.D mai shekara 6. In ka ajiye Biochem ka koma aji ɗaya: shekara 6, sai intanshif shekara 1, ka zana jarabawar PEP ta samun rajista, sai bautar ƙasa 1. Takwas kenan, ba a saka watannin jiran admishan ba. In ka gama naka: saura 2, bautar ƙasa 1, DE ta sa ka aji biyu ka yi 5, intanshif 1, kuma ba ka sake NYSC tunda sau ɗaya ake yi. Tara. Ka ga bambancin shekara ɗaya ne tak, sannan kana da kwali biyu a hannu, in DE ɗin ta ƙi ma ba ka tashi a tutar babu ba. Sai dai fa gurbin DE kaɗan ne, shi ya sa 3.9 ɗin nan kar ka bari ta sauko, ka fito da 2:1 mai ƙarfi. Ka riƙe organic chemistry da physiology da kyau, za ka sake haɗuwa da su a pharmaceutical chemistry da pharmacology, ni wlh su suka cece ni. Kuma can babu maganar 40 ko 45, kwasa-kwasan Famasi sai ka ci 50 kafin a ce ka haye.

Baban Walid:
Ni dai tambaya ɗaya gare ni, farar rigar kake so ko aikin? Da hutun nan ka samu wani famasis ka roƙe shi ka riƙa zama a shagonsa ko na wata guda ne, ka ga yadda ake karanta takardar likita, ka ga mai hawan jini da ya zo yana so a raba masa kati ɗaya biyu saboda kuɗi. Wani ɗan yayata haka ya yi, sati uku ya ce a'a shi kam lab ya fi masa. Sannan wa zai ɗauki nauyin ƙarin shekara biyar ɗin? Ku zauna da Baba tukuna.

Yar Wunti:
Yallaɓai Famasis lissafinka daidai ne amma ai ba sai ya ajiye Biochem zai zana JAMB ba, ya zana yana cikin makaranta, in ta fito ya zaɓa. Kuma ka manta yajin aikin ASUU, na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye mana.

Ɗan Jekadafari:
Na gode kwarai, Allah ya saka. Yaya na duba NECO ɗin yanzu, Physics C6 ne, ashe da ƙyar na sha. Akwai wani famasis abokin kawuna a wajen Tudun Wada, gobe in Allah ya kai mu zan je in gaishe shi in ji ko zai bar ni in zauna. Maganar Baba kuma sai na bi ta hannun Inna.