Wai NATO ce ta jawo yaƙin Yukren ko Putin ne ya ga dama?

Abba Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau sai an warware maganar nan. Nace yaƙin Yukren ba Putin ne ya fara ba, NATO ce ta fara, shi kare gidansa kawai yayi. Duk mai ja ya fito

Alhaji Ɗanladi: Wa alaikumussalam. Abba kai da Putin sai kace ƙanin babanka ne hhh

Abba Fagge: Alhaji wlh ba wasa nake ba. A 1990 lokacin da ake maganar haɗe Jamus, James Baker sakataren harkokin wajen Amurka ya cewa Gorbachev shugaban Tarayyar Sobiyet, ƙawancen sojan NATO ba za ta matsa gabas ba ko da inci ɗaya. To me ya faru? 1999 suka kwashi Folan da Hangari da Cek, 2004 suka ƙara ƙasashe bakwai har da Estoniya da Latbiya da Lituweniya waɗanda a da cikin Tarayyar Sobiyet suke, 2008 a taron Bukares suka fito ƙarara sukace Yukren da Jojiya ma za su shiga. Haba jama'a, maƙwabcinka kullum yana matso da katanga cikin filinka kana magana yana ce maka kar ka damu, ranar da ka ɗauko gatari sai ace kai ne mai neman rigima?

Ibro Maraɗi: Maganar Abba tana kan hanya. A 1962 da Sobiyet ta kai makamai masu linzami Kyuba ai Kennedy bai ce Kyuba ƙasa ce mai 'yanci ta yi abin da ta ga dama ba, datse tsibirin ya yi da jiragen ruwa har duniya ta kusa tashi. To mi ya sa na Rasha ya zama laifi

Malam Nasiru: Abba abin da ka lissafo duk ya faru, har ma in ƙara maka, William Burns yana jakadan Amurka a Mosko a 2008 ya rubuta wa gwamnatinsa cewa maganar shigar Yukren NATO ba Putin kaɗai ba, kusan duk masu faɗa a ji a Rasha ba za su lamunta ba. Sun sani suka yi. Amma katangar nan taka akwai gyara, filin ba na Rasha ba ne. Folan da Estoniya ba jan su aka yi ba, su suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ka tambayi dalili. Stalin ya haɗiye ƙasashen Baltik uku a 1940, tankokin Mosko sun shiga Budapest a 1956, sun shiga Prag a 1968. Wanda ya ga wannan da idonsa in ya samu sarari dole ya nemi inda zai raɓe. Sannan maganar Baker da baki aka yi ta, ba ta shiga yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba. Wadda aka rubuta aka sa wa hannu ita ce ta Budapest a Disamban 1994, Yukren ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada, Rasha da Amurka da Birtaniya suka yi alƙawarin mutunta iyakokinta. Kai ka riƙe alƙawarin baki ka tsallake na takarda, yaya ke nan?

Abba Fagge: Malam alƙawari ai alƙawari ne ko a baki ko a takarda

Malam Nasiru: To madalla, su biyun duka a riƙe su. Ga wata kuma, a 2010 majalisar Yukren ta yi doka cewa ƙasar ba za ta shiga kowane ƙawancen soja ba, kuma a shekarar aka tsawaita wa Rasha hayar sansanin sojan ruwa na Sebastopol har 2042. Da wannan dokar a hannu Rasha ta ƙwace Kirimiya a Maris 2014. Sai a Disamban shekarar suka soke dokar. Wane ya riga wane?

Abba Fagge: Ai saboda juyin mulki aka yi a Kiyef! Yanukovych zaɓaɓɓen shugaba ne aka kore shi, ga Victoria Nuland jami'ar ma'aikatar harkokin wajen Amurka an naɗi muryarta a waya tana tattauna wanda ya dace ya shiga sabuwar gwamnati, wannan in ba hannun Amurka ba hannun wa

Barista Hadiza: Ƙanina bari in shigo nan. Ta fuskar doka kana da ɗan abin kamawa, 'yan majalisa 328 ne suka kaɗa ƙuri'ar cire shi ran 22 ga Fabrairu, tsarin mulkinsu kuma 338 yake buƙata kafin a tsige shugaba, kuma ba a bi matakan ba. Amma mutumin ya riga ya bar Kiyef, bayan an kashe mutum kusan ɗari a dandalin Maidan, kuma abin da ya fito da jama'a titi shi ne ya fasa sa hannu a yarjejeniya da Tarayyar Turai a Nuwamban 2013 bayan Mosko ta matsa masa, maganar ciniki ce ba ta NATO ba. A watan Mayu aka yi zaɓe Poroshenko ya ci. 2019 aka sake yi Zelensky ya kayar da shi da kusan kashi 73, kuma ya sauka ya ba shi wuri. Ko da mun yarda an yi kuskure a 2014, a wace doka aka ce in majalisar ƙasa ta karya tsarin mulkinta maƙwabciya ta zo ta yanki jiha guda ta tafi da ita?

Ibro Maraɗi: Barista amma mutanen Donbas na gabashin Yukren fa? Shekara takwas ana kashe su, mutum 14,000, ba wanda ya ce uffan

Barista Hadiza: Malam Ibro wannan 14,000 ɗin alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya ne kuma ya haɗa da sojojin Yukren da mayaƙan 'yan aware, fararen hula wajen 3,400 ne, mafi yawa a 2014 da 2015. A duk shekarar 2021 fararen hula 25 aka lissafa. Rai ko ɗaya ne rai ne, amma wutar ta riga ta lafa sosai kafin a turo tankoki

Dakta Maryam: Ina ta karantawa ban so in sa baki ba amma Abba dan Allah ka saurara. Ni a Harkif nayi karatun likita, ina can ran 24 ga Fabrairun 2022, garin bai kai kilomita 50 daga iyakar Rasha ba kuma kusan kowa Rashanci yake yi, a kasuwa a asibiti a bas, mu ma shi muka koya don mu iya magana da marasa lafiya. Tsohuwar da nake haya a gidanta ƙanwarta tana aure a Belgorod can ɓangaren Rasha, da asuba muka ji ƙarar farko tagogi suna rawa, ta fito da rigar barci tana kiran ƙanwar a waya, ita kuma tana ce mata ki kwantar da hankalinki sansanin soja kawai ake bugawa, haka talabijin ɗinsu ya faɗa. Mun kwana a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa kan kwali da barguna, yara suna kuka, mutane da kyanwowinsu a jaka. Unguwar Saltifka da aka fi ragargaza gidajen talakawa ne masu hawa hawa, kuma masu Rashancin da akace an zo ceta su ne a ciki. Har yau in naji ance Putin ya je kare masu jin Rashanci sai in rasa abin cewa

Alhaji Ɗanladi: Subhanallahi. Sannu Dakta, Allah ya kiyaye gaba

Abba Fagge: Allah ya ƙara tsarewa Anti. Amma ba ku ne aka hana shiga jirgin ƙasa ba saboda baƙar fata? Mun ga bidiyo

Dakta Maryam: An yi, a gabana aka yi, a kan iyaka an ware mu gefe cikin sanyi ana wucewa da fararen fata, kuma ban yafe ba. Amma wanda ya ture ni a layi daban, wanda ya harbo makamin da ya fito da ni daga ɗakina daban

Malam Nasiru: Abba ka bar abin da Turawa suke faɗa, ka saurari Putin da kansa. Yulin 2021 ya fitar da doguwar maƙala yace Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce. Ran 21 ga Fabrairun 2022 a jawabinsa yace Lenin da 'yan Bolshebik ne suka ƙirƙiri Yukren ta yanzu. Yunin shekarar ya kwatanta abin da yake yi da yaƙin tsohon sarkin Rasha Peter, wai dawo da ƙasa ne ba ƙwace ba. A nan saiwar take a ganina, masu mulkin Mosko ba su taɓa haɗiye cewa Yukren ta fita ba, alhali a ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 1991 sama da kashi 90 suka zaɓi 'yanci, har Kirimiya kanta kashi 54. Kuma in NATO ce tsoron, Finlan ta shiga a Afrilun 2023 da iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,300 da Rasha, Suwidin ta bi a 2024, Putin da bakinsa yace ba shi da matsala da ƙasashen nan biyu. Me ya sa ta Finlan ba ta kai ga yaƙi ba?

Abba Fagge: Saboda Yukren daban ce Malam, tarihinsu ɗaya

Malam Nasiru: Ka faɗi abin da nake faɗa ke nan

Ibro Maraɗi: Ni wanga wa'azin doka ne ba ni iya ji daga bakin Turawan Yamma. Iraƙi 2003 da izinin wa suka shiga? Ina makaman da suka ce Saddam ya ɓoye? Libiya 2011 aka ce kare fararen hula za a yi, aka ƙare da gawar Gaddafi, makamai suka watsu, 2012 arewacin Mali ya faɗi, mu nan muna biyan bashin har yau. Laifi tudu ne, sun take nasu suna hango na Putin

Barista Hadiza: Ba wanda zai musa maka wannan a gidan nan. Kofi Annan da kansa yace yaƙin Iraƙi ya saɓa wa dokar Majalisar Ɗinkin Duniya. Kuma ƙudurin Libiya mai lamba 1973 Najeriya ta kaɗa masa ƙuri'ar amincewa, Rasha kuma tana da ikon hawa kujerar naƙi amma ta ƙaurace kawai, wannan ma a tuna. Abin da ban gane ba shi ne, 2003 mun ce babbar ƙasa ta afka wa ƙarama da hujjar ƙarya zalunci ne, to me ya canza a 2022 ban da tutar da ke jikin tankar? Mu 'yan Afirka ma mun fi kowa buƙatar dokar nan, shi ya sa shugabanninmu a Alƙahira a 1964 suka amince a bar iyakokin da aka gada yadda suke duk da an san Bature ne ya zana su son ransa, abin da jakadan Kenya Martin Kimani ya tuna wa Kwamitin Sulhu ke nan kwana kaɗan kafin mamayar. Bakassi kotun duniya ta ba Kamaru a 2002, da ciwo da komai Najeriya ta miƙa. In hujjar harshe ɗaya tarihi ɗaya ta halatta, to gobe wani a Abuja ya tashi yace Maraɗi da Damagaram Hausawa ne, Katsina da Maraɗi ma sarauta ɗaya ce asali, a turo soja a dawo da su gida

Ibro Maraɗi: Ku gwada mana Barista hhhh. Ai da CEDEAO, wato ECOWAS, ta yi wa Nijar barazanar turo soja a 2023 kun ga yadda aka kwashe

Barista Hadiza: Yawwa, yadda ka ji a ranka yanzu

Abba Fagge: Ni dai ko me za ku ce Putin ya fi su mutunta Musulunci, a Grozni babban birnin Chechniya ya sumbaci Alƙur'ani a 2024 duniya ta gani, su kuwa a Suwidin ƙonawa aka yi ta yi a 2023 da izinin 'yan sanda

Malam Nasiru: Groznin da ya sumbaci Alƙur'anin ka nemi hotunanta na shekarar 2000 ka ga yadda sojojinsa suka mayar da ita kufai, Musulmi ne a ƙarƙashin ɓaraguzan. Ka tambayi mutanen Halab a Siriya jiragen wa suka yi musu ruwan wuta a 2016. Tatar na Kirimiya Musulmi ne, Stalin ya kwashe su gaba ɗaya a 1944, da suka dawo suka kafa majalisarsu Rasha ta haramta ta a 2016. Wannan ba ya wanke masu ƙona Alƙur'ani, amma kar a shigo da addini cikin rigimar da ba don shi ake yi ba

Alhaji Ɗanladi: Ni abin da na sani buhun fulawa da taki ne suka tashi a 2022, Rasha da Yukren su ke fitar da sama da rubu'in alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya. Sauran tsadar kuma tamu ce ta gida, kar a ɗora wa Putin cire tallafin mai

Abba Fagge: To Malam amsa min wannan. Maris 2022 a Istanbul an kusa sasantawa, Yukren ta yarda ba za ta shiga NATO ba, Boris Johnson firaministan Birtaniya na lokacin ya je Kiyef a Afrilu magana ta watse. Merkel tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus ma ta faɗa da bakinta cewa yarjejeniyar Minsk ta tsagaita wuta a Donbas lokaci ta sama wa Yukren. Su waye ba sa son zaman lafiya?

Malam Nasiru: Johnson ya je kuma bai ƙarfafa sulhu ba, wannan haka ne. Amma a kwanakin ne aka ga gawarwakin mutanen garin Bucha na kusa da Kiyef a titi, kuma ba a daidaita kan wa zai tsaya wa Yukren in an sake afka mata ba, ba a daidaita kan yawan sojan da za a bar mata ba. Wanda aka karya wa takardar 1994 zai sa hannu a wata ba mai tsaya masa? Kai kuma amsa min tawa. Yukren ta ce ta haƙura da NATO a Maris, to me ya kawo shelar haɗe yankuna huɗu ran 30 ga Satumba, Donetsk da Luhansk da Kherson da Zaporizhzhia, har aka sa su a tsarin mulkin Rasha, alhali birnin Zaporizhzhia sojan Putin bai taɓa shiga ba?

Abba Fagge: Ai an zubar da jinin sojoji Malam, ba zai koma hannu rabbana ba

Ibro Maraɗi: A'a Abba nan kam ba ni tare da kai. Ni NATO nika zargi da tsokana kuma ina nan kan bakana, amma in maganar ta koma sai an ba shi ƙasa ladan jini to wannan wata magana ce daban, ba ita muka faro ba