Takardar da ake riƙewa kafin izinin zama ya fito: wane suna za mu ba ta?

1/ 'Yan uwa mazauna Turai, ku matso mu yanke wata magana. Akwai takardar da ake ba mutum idan ya miƙa takardun neman izinin zama ko na sabuntawa, ofishin baƙi kuma bai gama dubawa ba. A Jamus sunanta Fiktionsbescheinigung, a Faransa récépissé. Mu kuwa "wannan takardar" kawai muke cewa, kuma rashin sunan yana jawo wa mutanenmu asara.

2/ Wasu sun ce "rasit", tunda ma'anar ta Faransancin ke nan. Ban yarda ba. Wanda aka ce wa rasit ne zai jefa shi cikin durowa ya manta, alhali ita ce shaidar da zai nuna wa mai gidan aikinsa da ɗan sanda cewa zamansa bisa doka yake.

3/ "Takardar wucin gadi" ta fi kusa, sai dai izinin ɗalibi na shekara ɗaya ma na wucin gadi ne. Za a riƙa rikita su.

4/ Wata 'yar uwa ta kawo "takardar jeka-ka-dawo". Wallahi na san daga inda maganar ta fito. Ka yi watanni kana neman ranar ganawa, kafin ta zo shaidar banki ta tsufa, ka sabunta ta, a ce kuma hoton bai yi ba. Mai gidan aiki na tambaya, kai ma ba ka da amsa. Amma wannan sunan wahalar ne. Mu bar wa tsarin ofisoshin shi, ya dace da su.

5/ Ni abin da na tsaya a kai: takardar riƙon ƙwarya. Duk Bahaushe ya san mai riƙon ƙwarya yana kan kujera da izini har mai ita ya zo, amma ba kowane iko ke hannunsa ba. Haka takardar take.

6/ Batun ikon nan shi ne ya fi damuna. A Jamus sashe na 81 na dokar zama ne ya tanade ta, kuma iri-iri ce. Idan an yi alama a sakin layi na 4, tsohon izininka na ci gaba da aiki, za ka iya fita ka dawo muddin wa'adinta bai ƙare ba. Idan na 3 ne, ka fita, ba za ta shigo da kai ba. A Faransa ma ta sabuntawa kan ba ka damar fita ka dawo idan ka haɗa ta da tsohon katin, ta neman farko kuwa ba ta isa ba, sai da biza. A Birtaniya sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 yana tsawaita izininka idan ka nema kafin ya ƙare, amma kana barin ƙasar ya faɗi.

7/ Wanda aka kira cewa mahaifiyarsa ba lafiya ba ya tsayawa karanta sakin layi. Idan mun saba cewa "riƙon ƙwarya ce a hannuna", wani zai tambaye shi wace iri kafin ya sayi tikiti.

8/ Mutanen Damagaram da Maraɗi da ke Faransa, ku kuka fi shan récépissé. Sunan "riƙon ƙwarya" ya zauna a bakinku, ko kuna da wanda kuka riga kuka saba da shi?