Masu binciken namun daji da gyaran muhalli: me kuka tarar a shekarar farko?

Ɗalibar_Halittu: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a nazarin halittu, kuma hankalina ya karkata ga binciken namun daji. Don Allah yayyena da suka riga ni shiga, yaya shekararku ta farko ta kasance?

Mai_Kyamara: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni dai ba kasafai na ga dabba ido da ido ba. Aikina ɗaure kyamarori a jikin bishiya daidai gwiwa, masu ɗaukar hoto da zarar wani abu mai ɗumi ya gifta. In na kwaso katin ajiyar kyamarar, sai zaman tantance hotuna, kuma galibinsu ciyawa ce iska ta kaɗa da tsakar rana. Zaman kwamfuta ya ninka yawon daji. Ki kama manhajar R ta nazarin alƙaluma da QGIS ta taswira tun yanzu, su ake fara tambaya wajen ɗaukar aiki.

Uwar_Tsuntsaye: Mu kuwa tun kafin gari ya waye muke buɗe raga. A ciro tsuntsu a hankali, a auna shi cikin 'yar jakar yadi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Lissafin ne ya burge ni: in kin sa wa 50 zobe, daga baya kika kama 40 kika ga 10 na da shi, to yawansu ya kai kimanin 200.

Injiniyan_Fadama: Kada ki manta da ɓangarenmu na gyaran muhalli. Muna gina fadama da hannu, a shuka kacala da iwa, ruwan datti ya bi ta cikin tsakuwa da saiwoyi, ƙananan halittu irin su bakteriya su cinye ƙazantar. Masaniyar tsirrai Käthe Seidel ce ta fara gwada wannan a Jamus a shekarun 1950. Shekarata ta farko a cikin takalmin roba ta ƙare, ina ɗiban ruwa a kwalabe a mashiga da mafita. Ba ƙyalƙyali, amma a ganina an fi neman ma'aikata a nan.

Mai_Kyamara: Gaskiya ne, Injiniya. Namu kwantiragi ne, tallafin bincike na ƙarewa aiki ya tsaya. Kullum ana kafa hujja da Jane Goodall, mai binciken birai nau'in chimpanzee, wadda ta je Gombe ta Tanzaniya a 1960 ba ta da digiri. Yau ko digiri na biyu sai an haɗa da gogewa.

Ɗalibar_Halittu: Na gode ƙwarai. Yaya, aikin sa kai yana shiga cikin gogewar da ake nema?

Uwar_Tsuntsaye: Yana shiga, muddin shugaban binciken zai rubuta miki takardar shaida. Ki tambaya tun kafin ki fara.