Neman shawara: ƙudajen kan furanni ne suka sa wa tumakina tsutsa a hanci?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tumakina 14 ne, kuma sati uku ke nan biyar daga cikinsu suna ta atishawa, majina mai kauri ta toshe musu hanci, wani lokaci har da ɗan jini. Rana na takewa sai su cure wuri guda, kowace ta cusa hanci a jikin 'yar uwarta ko ta kifa shi ƙasa, suna buga ƙafa, kiwo ya gagara. Shekaranjiya wata ta yi atishawa, sai ga ƙatuwar tsutsa ta faɗo, ta kai gaɓar yatsa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na duba intanet na ga ana maganar ƙudan hanci, dangin Rhiniidae, hotonsa kuma sak ƙudajen da ke yini a kan furannin bishiyoyin bayan garken. Har na tanadi maganin feshi. In feshe bishiyoyin?

Ɗalibar ilimin ƙwari:
Wa alaikumus salam. Yaya, don Allah ajiye feshin nan tukuna, suna ne ya rikita ka. Rhiniidae ba sa shiga hancin kowa. Ƙasan fuskarsu ne ya turo gaba kamar hanci, daga nan sunan ya fito. A da masana na lissafa su cikin Calliphoridae, dangin koren ƙudan nan mai bin mushe, daga baya wasu masana suka ware su. Nau'insu ya kusa 400, sun fi yawa a Afirka da kudancin Asiya, ana samun su har Ostiraliya da kudancin Turai. Manyansu ruwan fure suke sha, suna kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, abin da ke taimaka wa bishiya ta yi 'ya'ya. Tsutsotsin wasu a gidan gara ko na tururuwa suke girma. Akwai ma ɗaya, Stomorhina lunata, da tsutsarsa ke cinye ƙwan fara a cikin ƙasa. Ni kam ina jin zafi in ga an kashe mai rage mana fara saboda laifin wani.

Mai laifin shi ne wani ƙuda dabam, Oestrus ovis, daga dangin Oestridae, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758. Duk inda ake kiwon tumaki da awaki a duniya yana nan. Ba za ka gan shi a kan fure ba, domin babbansa ba ya cin komai, bakinsa ma bai cika ba. Macen ba ƙwai take sakawa ba, tsutsa mai rai take fesawa a ƙofar hancin tunkiya tana cikin tashi. Wannan cure kan da suke yi da rana, ita suke gudu. Tsutsar ta rarrafa ciki har kogon goshi, ta yi ta cin majina, daga wata guda zuwa watanni da dama gwargwadon yanayi. In ta ƙosa sai atishawa ta fito da ita, ta nutse cikin ƙasa, bayan wasu makonni ta fito ƙuda.

Tsohon makiyayi:
Gaskiya ta faɗa maka, ɗana. Shekaruna da yawa ina bin dabbobi, ban taɓa ganin feshin bishiya ya warkar da wannan ba. Kowace tsutsa ta faɗo ka murƙushe ta, kar ta shiga ƙasa. Ka yi musu inuwa, ka fitar da su kiwo da sanyin safiya da yamma. Yaran da ke bin su kuma su kula da ido, ƙudan kan fesa tsutsar a idon mutum. In ido ya yi ja yana suka kamar an zuba yashi, asibiti za a nufa, ban da murzawa.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi:
Malam, maganin ivermectin na kashe tsutsar a duk matakin da take, maganin closantel ma na aiki. Amma awon maganin da nauyin dabba yake tafiya, don haka likitan dabbobi ya kamata ya yanke maka, ya kuma gaya maka kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono. A yi wa garken duka, waɗanda ba sa atishawa ma suna iya ɗauke da ƙanana. Kar a ɗura kananzir ko fetur a hanci, yana iya sauka huhu. Tambaya ɗaya: akwai zazzaɓi, zawo ko gyambon baki? In akwai, PPR nake tsoro, wato wata annobar tumaki da awaki, wannan kuma ba ta jira.

Mai tambaya:
Babu zawo, bakinsu kuma lafiya lau, na duba su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka muku da alheri, Baba na gode, ƙanwata na gode. Feshin na mayar da shi ɗaki. Likita zai zo gobe da safe, tsutsar ma na ajiye masa ita a kwalba.