Da wane ma'auni za a auna tsofaffin wasannin resilin na talabijin?

Bashir ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna bibiyar resilin a kan wata matsala da ke ci mini tuwo a ƙwarya wajen rubuta sharhin tsofaffin wasannin da aka nuna a talabijin. Misalin da ya fi fito da ita fili shi ne WrestleMania ta uku, babban taron shekara-shekara na kamfanin resilin na WWF, wadda aka yi ranar 29 ga Maris, 1987, a filin Pontiac Silverdome da ke jihar Mishigan a Amurka. Karawar da ta tara jama'a a ranar ita ce ta Hulk Hogan da André the Giant, amma duk wanda ya kalle ta a yau zai ga cewa cikin kimanin minti 12 babu abin a zo a gani sai naushi, da karon kai, da doguwar matsa da André ya yi wa Hogan a tsakiyar dandamali, kafin daga bisani Hogan ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. A wannan taron ne kuma Ricky Steamboat da Randy Savage suka yi wasan da har yanzu yake riƙe mai kallo daga farko zuwa ƙarshe. Shin adalci ne in rubuta cewa wasan Hogan bai yi kyau ba, alhali shi ne ya cika filin, ko kuwa akwai wani ma'auni dabam da ya kamata a yi wa wasannin wancan zamani?

Malam Lawal ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. A ganina, kafin mai sharhi ya yanke wa tsohon wasa hukunci, wajibi ne ya fara tambayar kansa aikin da aka shirya wasan ya yi. A shekarun 1980 shirye-shiryen mako-mako na kamfanin WWF talla ce kawai ta manyan taruka, shi ya sa yawancin abin da ake nunawa shi ne wani fitacce yana laƙada wa wani da ba a san sunansa ba duka cikin minti biyu ko uku, sannan a cika sauran lokacin da hira da cika baki. Manyan 'yan wasa ba su cika haɗuwa a kyauta ba, don haka kafin ranar haɗuwarsu an riga an shafe watanni ana wasa wa jama'a wuƙa.

Wanda ya buɗe faifan WrestleMania ta uku kai tsaye ya tsallake wannan duka. Bai ga shirin hira na Piper's Pit na farkon 1987 ba, inda aka ba Hogan kofi saboda cika shekara 3 da kambun da ya ƙwace daga hannun Iron Sheik a Janairun 1984, aka kuma ba André kofin da bai kai nasa girma ba saboda shekara 15 da aka ce ba a taɓa ka da shi ba. Bai ga ranar da André, wanda jama'a suka sani a matsayin aminin Hogan, ya fito tare da Bobby Heenan, manajan abokan gabar Hogan, ya yaga rigar Hogan har ya tsinke masa sarƙar wuya ba. Tambayar da aka dasa a zukatan mutane guda ɗaya ce tak: shin Hogan zai iya ɗaga wannan ƙato da aka sanar da nauyinsa fam 520? Sai ka duba yadda aka tsara wasan a kanta. A minti na farko Hogan ya gwada ɗaga shi, bayansa ya gaza, André ya faɗo masa a kai, alƙalin wasa ya kusa ƙirga uku. Daga nan André ya ci gaba da dukan bayan, kuma matsar da kake ganin ta yi tsawo tana cikin wannan aiki, domin kowane daƙiƙa nata yana ƙara wa mai kallo shakkar cewa ɗagawar za ta yiwu. A lokacin André yana fama da ciwon baya mai tsanani sakamakon lalurar da ta sa jikinsa yake ta girma, tafiya ma da ƙyar yake yi, saboda haka an gina wasan ne a kan ɗan abin da jikinsa zai iya.

Wannan ba ya nufin mai sharhi ya haɗiye duk abin da kamfani ya faɗa. An taɓa ka da André kafin 1987, an kuma taɓa ɗaga shi, har ma shi da Hogan sun kara a filin Shea Stadium na New York a 1980. Adadin 'yan kallo 93,173 da aka sanar shi ma ana ta jayayya a kansa har yau. Aikinka ne ka faɗi waɗannan, sannan ka faɗi cewa dabarar ta yi aiki: da aka maimaita karawar a tashar NBC a Fabrairun 1988, kimanin mutum miliyan 33 ne suka kalla.

Auwalu ya amsa:

Malam Lawal, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja a kan wani ɓangare na maganarka. Idan muka ce duk wasan da ya cika fili ya cimma burinsa, to sharhi ya koma lissafin tikiti, kuma ba za a sake samun wasan da za a kira maras kyau ba matuƙar an sayar da kujeru. Masu karanta jaridar Wrestling Observer ta Dave Meltzer, waɗanda suka rayu a zamanin kuma suka ga duk shirye-shiryen da ka lissafa, sun zaɓi wasan Hogan da André a matsayin mafi muni na 1987, suka kuma zaɓi na Savage da Steamboat a matsayin mafi kyau. Ashe ke nan ba idon yau kaɗai ne ya ga bambancin ba.

Wasan Savage da Steamboat shi ma yana da labari a bayansa, tunda a ƙarshen 1986 an nuna Savage ya doki maƙogwaron Steamboat da ƙararrawar wasa. Bambancin shi ne sun shigar da labarin cikin wasan kansa, ta yadda ko baƙo zai fahimta: Savage yana ta neman maƙogwaron, ga yunƙurin danne juna a kai a kai wanda kowanne yake ƙarewa a ƙirga biyu, ga shi a ƙarshe ya hau saman igiya da ƙararrawar sai George Steele, wanda ya rako Steamboat, ya tunkuɗo shi, Steamboat kuma ya naɗe shi ya ci kambun Intercontinental. Haka nan karawa uku da Ric Flair da Steamboat suka yi a wani kamfani dabam a 1989, musamman ta biyu a New Orleans ranar 2 ga Afrilu, wadda ta kai kusan minti 55 kuma aka nuna ta kyauta a tashar TBS a ranar da WWF take gudanar da WrestleMania ta biyar. Kujeru da yawa a filin Superdome babu kowa a kansu a daren, amma wasan bai tsufa ba. Shawarata ga Malam Bashir ita ce ya raba hukuncinsa gida biyu, ya faɗi muhimmancin wasa a tarihi, ya kuma faɗi ingancin aikin da aka yi tsakanin ƙararrawar farko da ta ƙarshe, kada ya bar ɗaya ya rufe ɗaya.

Hajara ta amsa:

Akwai abin da ku duka biyu ba ku taɓo ba, wato shi kansa faifan da ake kallo. Abin da ake samu a intanet yau ba kullum ne yake daidai da abin da aka watsa a lokacin ba. A wasanni da dama an sauya waƙoƙin shigowar 'yan wasa saboda haƙƙin mallaka, kuma sauya waƙa yakan danne ihun jama'a, wanda shi ne babbar shaidar mai sharhi a kan yadda aka karɓi ɗan wasa. Bayan shari'ar da ta sa kamfanin WWF ya sauya suna zuwa WWE a 2002, an yi shekaru ana dusashe wani tambarin WWF a tsofaffin hotuna. Shirye-shiryen mako-mako kuwa sau da yawa na makonni da dama ake ɗauka a zama ɗaya, a tace, wani lokaci a ƙara tafi da ihu daga baya, don haka idan ka ji fili yana rugugi amma ka ga mutane zaune sun naɗe hannu, ka yarda da idonka.

Sannan a riƙa lura da masu sharhin cikin shirin. Rabin armashin WrestleMania ta uku yana bakin Gorilla Monsoon da Jesse Ventura, ɗaya yana kare jarumi, ɗaya yana wanke mugu. A Birtaniya kuwa, inda tashar ITV ta riƙa nuna kokawa a shirin World of Sport ranar Asabar har zuwa 1985, Kent Walton yana magana ne a natse, wasan kuma zagaye-zagaye ne da hutu a tsakani, da gargaɗin alƙali a bainar jama'a. Wanda ya auna ɗan wasan Birtaniya Johnny Saint da ma'aunin Amurka zai ce babu zafi, alhali gwanintar tana cikin yadda yake zare kansa daga riƙo.

Bashir ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Rabon da Malam Auwalu ya kawo ya kwanta mini, sai dai akwai wasan da ban san gidan da zan sa shi ba, wato na Undertaker da Mankind a cikin keji a taron WWF na King of the Ring, ranar 28 ga Yuni, 1998, a Pittsburgh. Muhimmancinsa ba ya buƙatar gardama, amma ingancinsa fa? Abin da ake tunawa da shi faɗuwa biyu ce da Mankind ya yi, ɗaya daga saman kejin zuwa kan teburin masu sharhi, ɗaya kuma ta rufin kejin zuwa cikin dandamali.

Malam Lawal ya sake amsawa:

Wannan wasan, Malam Bashir, yana buƙatar gida na uku, wato abin da ya ci wa ɗan wasan. Faɗuwar farko an shirya ta, amma yadda rufin ya ɓalle a ta biyu ya wuce abin da aka tsara, kujerar ƙarfe ta biyo Mick Foley, wato Mankind, ta same shi a fuska, ya suma na ɗan lokaci, kuma kamara ta nuno haƙorinsa maƙale a hancinsa. Jama'ar 1998 sun yi ta ihu, mu kuwa muna kallo ne bayan abin da aka gano game da illar bugun kai ga ƙwaƙwalwa, bayan kuma WWE da kanta ta hana dukan kai da kujera a 2010. Mai sharhi ba zai yi kamar bai san wannan ba.

Idan kana son ka nuna wa masu karatunka abin da ya rasa, ka ajiye shi kusa da wasan Bret Hart da Steve Austin na WrestleMania ta 13, a Maris 1997. Shi ma akwai jini, akwai kujera, amma kowane duka yana tura labarin gaba. Hart ya shiga a matsayin jarumi, Austin a matsayin mugu, Hart ya yi ta aiki a kan ƙafar Austin har ya ɗaure shi da riƙon Sharpshooter, Austin ya ƙi sallamawa jini yana zuba a fuskarsa har ya suma, Ken Shamrock da ke alƙalanci ya tsayar da wasan. Da Hart ya koma yana dukan wanda ke kwance, sai filin ya juya masa baya, aka raka Austin da kiran sunansa. Ni da zan rubuta sharhin wasan keji, zan ba Foley haƙƙinsa na juriya, in bayyana cewa abin da ya biyo bayan faɗuwa ta biyu mutum ne da bai gama dawowa hayyacinsa ba yake ƙoƙarin ƙarasa aikinsa, sannan in ƙi ba shi maki ko tauraro kwata-kwata.