Jakar duwatsun Ojibwe: me ya sa wata ba ta da baki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, sana'ata ɗinkin duwatsu a jikin mayafi. Ranar Asabar na shiga wani gidan tarihi, na ga jakunkunan ratayawa na Ojibwe, 'yan asalin yankin nan. Wallahi na fi minti ashirin a gaban guda ɗaya. Baƙin karan-miski ne an lulluɓe shi da furanni ja da shuɗi, ganyen kaɗai kore iri uku, maratayin ya kai faɗin tafin hannuna. Amma duk leƙena ban ga inda ake zura hannu ba. Jaka ce kuwa? Kuma yaya suke yi duwatsun su kwanta lif haka? Nawa kullum sai sun tattare.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Idonki bai ruɗe ki ba. Sunanta gashkibidaagan a yarensu. Samfurin daga jakar harsashi ta sojojin Turawa aka ɗauko shi, ta kuma yi tashe daga wajen 1850 zuwa farkon ƙarni na 20. Na farko suna da aljihu sosai. Daga baya ado ya rinjayi amfani, har wasu aka bar musu ɗan tsagi kawai, wasu ba komai. Mata ke ɗinkawa, maza suka fi ratayawa ranar taro ko rawa, wani ma biyu zai gicciya a ƙirji. Akan ba da ita kyautar girmamawa, kuma an yi musayarta da doki a wurin ƙabilar Dakota, maƙwabtansu.

Anti Larai:
Ƙanwata, sirrin zare biyu ne. Ki shirya duwatsun a zare ɗaya, ki kwantar da shi bisa zanen, sai ki bi da allura ta biyu kina danne zaren bayan kowane dutse biyu ko uku. Kada ki ja da ƙarfi, nan tattarewar take. Da wannan ɗinki suke samun lanƙwasar fure. Waɗanda za ki ga zanensu mai kusurwa, yawanci saƙa su aka yi. Kafin 'yan kasuwa su kawo duwatsun gilashi daga Turai, da ƙayar beguwa rinanniya suke ado.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Anti. Na gwada da daren nan a kan ƙyalle, ganye ɗaya ya ci mini awa biyu, amma ya kwanta. Sai yanzu nake tunanin watannin da matar da ta ɗinka jakar nan ta yi a kanta. Gobe zan gwada furen.